Zaitun a Duniyar Wata

Lokacin gasar kofin duniya, jirgin ƙasan unguwarmu Mansura, a Doha, ya cika maƙil, sai wata Bafalasɗiniya, Nisrin, ta tashi ta ba ni kujerarta. Tun daga nan nake ganinta. Siririya ce, ga fara'a, kullum tana rungume da ƙatuwar hular 'yan sama jannati. Fim take haɗawa, wai ƙauyen kakarta da aka rushe ya koma duniyar wata, har da itatuwan zaitun. Ikon Allah! Ina jin tsoro take kar a manta da ƙauyen, don tsohuwar ta rasu. Rannan ta riƙe hannuwana tana dariya, ta ce, "Hajja, sak na kakata! Ara min su gobe, su murza gurasa a fim ɗina."