Tsohuwar da ke saya mana bandiri

Jiya a wani biki a unguwar Safa na ji warin fatar bandiri ana gasa ta a garwashi, sai na tuna wata tsohuwa 'yar Damagaram mai sayar da turare a unguwar Sharafiyya. Ba ta waƙa, amma ribarta a kanmu take ƙarewa, mu masu koyon waƙar biki. Ita ke saya mana bandiri.

A bikina na farko muryata ta sarƙe, uwar amarya ta sallame mu tun kafin abinci. Washegari na mayar wa tsohuwar da bandirin.

Na ce, "Iya, halas, shi ke nan, na bari."

Tana dakan sandal, ɗakin duk ƙamshi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kyauta na ba ki, ba aro ba. In kin bari, kai wa wata da hannunki, ki faɗa mata dalili."

Na rasa wadda zan iya faɗa wa. Na koma waƙa, da ita na raini 'ya'yana.

Tsohuwar ta rasu ina wajen biki a Makka. Allah Ya jiyar da ita abin da ya fi muryoyinmu daɗi.