Turken da Julak Masdar Ya Sa wa Tambari

Da safiyar Talata, sha ɗaya ga watan Safar, na sauko kwata zan hau kwale-kwale zuwa injin katako inda nake aiki, sai na gan ka tsaye cikin ruwa har gwiwa, Julak Masdar, da ƙaramin gatarinka a hannu. Kana saran na ƙarshe cikin turakun da ke kafe a kwatar, na can bakin zurfi. Sara uku ka yi a jere, sannan ɗaya a gicciye. Icen ulin da aka yi turken da shi ba ya karɓar gatari da sauƙi, kai kuma ka haura saba'in, saboda haka ka daɗe. Da ka gama ka hau kan katakon kwata ka zauna, ka ce wa Acil Barlian mai shayi, "Zuba mini, kuma yau ban da rowar sukari."

Ta ce, "Haƙora biyu suka rage maka, Julak, su ma so kake su tafi?"

Kafin ta juyo da kofin ka jingina da kan turken, ka cika. Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma. Shayin nan yana ajiye har azahar, ba wanda ya ɗauke shi.

Yau kwana shida, ban yi kuka ba. Ina zuwa aiki, ina jera katako, in an ba ni abinci in ci. Aji huɗu na tsaya a makaranta, amma dole in rubuta wannan.

Garinmu Muara Pilang ba shi da littafin tarihi, kai muke da shi. Daga bakinka na ji yadda aka kafa shi da bukkoki bakwai, lokacin da ake saran daji da gatari, a jira ambaliya ta fito da gumagumai daga ƙoramu. A ɗaure su da rotan, wata igiyar daji mai ƙwari, kowane gungume mai nutsewa a sa shi tsakanin gumagumai biyu masu tasowa, a hau kansu a bi kogi kwana goma sha biyu zuwa teku. Wanda ƙafarsa ta zame tsakanin gumagumai ba a cika samun gawarsa ba. Sai gari ya kafa masa turken ulin a kwata a madadin kabari. Ashirin da uku ne. Ba a rubuta suna a jikinsu ba, don masu kafawar ba su iya rubutu ba. Sunayen suna cikin kanka.

Duk shekara in ruwa ya ja baya, kakan bi su ɗaya ɗaya kana dafawa, kana faɗin wane ne, ɗan wa ne, a wace kwana ta kogi ya tafi. Da can mutane na cika kwata su saurara. Da dajin ya ƙare, manyan motoci suka daina zuwa, samari suka tafi gonakin kwakwar manja, sai ya zama saura ni da awaki. Shekara tara ina bin ka. In na haɗa sunan wani da turken wani, sai ka kira ni da sunan da gari ke kira na, ka ce, "Utuh, kan nan naka ulin ne, abu ba ya shiga. Amma in ya shiga, sai shekara ɗari."

Ban manta da shekarar da zarto ya cire wa mahaifina yatsu huɗu ba. Wata uku kana rataye mana kifi a ƙofa, ka wuce ba sallama don kada a yi maka godiya. Mahaifiyata ta gane kai ne ta ƙullin igiyar.

Na riƙe sunaye ashirin da biyu. Na ƙarshen nan kakan dafa shi ka juya ba tare da ka faɗi suna ba. Sau uku na tambaye ka, sau uku kana cewa in riƙe na hannuna tukuna. Na yi haƙuri, na ɗauka akwai lokaci.

A watan jiya Pambakal, mai garinmu, ya sanar cewa za a yi sabuwar kwata ta siminti bayan Mauludi. Kowane gida ya zo ya nuna turkensa, a mayar da shi harabar masallaci. Wanda ba mai shi kuwa a kai inji a yanka, tunda ulin ya yi wuya yanzu. Ashirin da biyu suka sami masu su. Na ƙarshe ba wanda ya zo.

Ranar sadakar uku matarka, Nini Jumantan, ta kira ni bayan gida tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Kai da tambayarka. Turken ƙarshen nan nasa ne, shi aka kafa wa."

Ta ce a shekarar babbar ambaliya igiyoyinku suka tsinke, labari ya zo gari cewa ka nutse. Aka kafa turke, ta shiga takaba. Rana ta tara ka shigo da ƙafarka. Akwai wani baƙo, mutumin tsibirin Sulawesi da ke ƙetaren teku, da ya hau tare da ku a saman kogi. A al'adar masu gumagumai ba a tambayar sabon mutum sunansa sai an isa teku, wai kada kogi ya ji. Shi ya tura ka kan gungume, itatuwan suka haɗe a kansa. Da aka zo cire turken ka hana, ka ce akwai mai shi. Shekara arba'in da shida kana tare duk jirgin da ya zo daga Sulawesi kana tambaya ko wani gida ya rasa ɗa mai tabo a haɓa. Ba ka samu ba.

Sai a lokacin na gane abin da na gani. Sara uku da ɗaya a gicciye tambarinka ne, wanda kake sa wa gumagumanka. A garin nan icen da ke ɗauke da tambarin mutum nasa ne, ko a bakin teku aka tsince shi. Ba ka da sunan da za ka ba Pambakal, sai ka ba da abin da kake da shi.

Na je na gaya masa. Ya ce, "Utuh, ba ƙaryata ka nake ba. Amma masu aikin za su ce kai ka sara bayan ya rasu. Kawo mini a rubuce, da waɗanda suka gani."

Allah Ya jiƙan ka, Julak Masdar, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ka huta. Allah Ya jiƙan baƙon nan, Shi Ya san sunansa da na uwarsa. Ina yi wa Nini Jumantan ta'aziyya, da 'ya'yanka Rusmini da Ardiansyah, da jikoki, da gidaje ashirin da biyu da ka riƙe wa sunayen mutanensu. Allah Ya ba mu haƙuri.

Pambakal, ga abin da ka nema. Da hannunsa ya sara, yana da rai, rana ta fito. Ni Sahrani ɗan Jarkasi, da ake kira Utuh, na gani. Acil Barlian mai shayi ta gani. Amang Darkuni mai kwale-kwale ya gani, shi ne ma ya kashe injinsa ya jira don kada igiyar ruwa ta ture tsohon kafin ya gama.