Yabon da ya kusa kashe shi

Wahala dai na sha ta a ƙasar nan, amma ban ga wadda ta kai zama a falona ana yi mini tambayoyi ba. Gara cunkoson hanyar Woodbridge zuwa Washington, can ko ba komai kana iya zagin na gabanka.

Wani ɗan garinmu ne ya jawo mini, direban tasi kamar ni. Ɗaki ɗaya muka zauna kafin iyalina su zo. Daga baya ya kashe wani mutum a gidan mai, mutumin da bai taɓa gani ba, kuma bai ɗauki komai nasa ba. A lokacin jihar Virginia ba ta daina hukuncin kisa ba, shi kuma masu ƙara suke nema a yanke masa. Sai lauyansa ya turo mini wata likitar ƙwaƙwalwa, irin waɗanda kotu ke tambaya ko mutum yana cikin hankalinsa.

Kafin ta zo, yayansa ya bugo daga gida. "Don Allah ka rufa mana asiri. Kar a ji an ce akwai taɓin hankali a gidanmu."

Na ce, "Yaya, ko ba ka faɗa ba."

Ta iso, wata gajeriyar dattijuwa da takalmin gudu. Matata ta kawo shayi da kilishi. Yaji ya sa likitar hawaye, amma ta sake kai hannu. Na ce a raina, wannan za mu shirya.

Muka fara, da ɗan Turancina na tasi. Yaya barcinsa a da? Na ce kamar jariri. Yana magana shi kaɗai? Na ce wa ba ya yi, in ya ga kuɗin inshora? Ya taɓa yin abin da ya ba ni tsoro? Na ce ina! Natsattse ne, mai lissafi, ba ya yin abu sai ya tsara. Na yi ta zuba yabo kamar aure nake nema masa. Mu haka muka tashi, wanda ya faɗa rami ba a bin sa da tonon silili.

Ta ajiye biro. Ta ce, "Ba na so ka ƙara, ba na so ka rage. Ban zo wanke shi ba. Ya kashe mutum, mutumin ya bar 'ya'ya. Aikina in gaya wa kotu yadda kansa yake. Amma ka sani, mai lissafi, mai tsara abu, shi ne abin da masu neman ransa suke son ji." Ta bar mini katinta, ta tafi da ragowar kilishin.

Motarta ba ta gama fita ba matata ta leƙo daga kicin.

"Malam, barci kamar jariri? Ba kai ka ce ya kwance duk ƙwan fitilar gidan ba, wai ana leƙensa ta ciki?"

"Tsimin wuta ne."

"Firjin da yake yi wa sallama fa?"

"Ladabi ne."

"To ranar da ya sauke fasinja a tsakiyar gada, wai rediyo ce ta umarce shi? Ita ma ladabin ce?"

Da ni aka kai shi wajen wani malami a Takoma Park aka yi masa ruƙiyya. Muka ce iska ce, za ta wuce.

Na ce, "Yayansa ne ya roƙe ni."

Ta kwashi kofuna. "To rufe shi da kyau. In an yi masa allurar kisan, sai ka aika wa yayan da asirin a akwati."

Tuwon ranar bai wuce mini da daɗi ba.

Washegari ban ɗauki fasinja ba. Na kira yayan, na tambayi gida, na tambayi tsohuwa, na tambayi damina, sannan na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, zan tona." Ya kashe waya. Na ɗauki sabon ƙunshin kilishi, na shiga cunkoso, na nufi ofishin likitar. Tana buɗe ƙofa na miƙa mata, na ce, "Likita, ɗauko biro. Mu fara daga firjin."