Tumbin Jirgi

Shekara da shekaru maigidana yana fentin manyan motoci a Funtuwa. In ka ga gingimari ta ɗauko masara za ta kudu, da ɗawisu a bayanta ya baza jela, to hannunsa ne. Mutum ne mai sauƙin kai, amma yana son a ga aikinsa a yaba, ni kuwa ba na rowar yabo. Da aka fara buga hotuna da inji ana mannawa a jikin mota, sai garejinsa ya yi sanyi. Yakan dawo mana Tsiga tun la'asar, kayansa fes ba ɗigon fenti, abin yana ci masa rai.

Wani mai sayar da fenti, Bayarabe haifaffen Funtuwa, shi ya kawo maganar. Wani kamfani ya samu kwangilar gwamnati ta duba ƙananan jiragen da ake koya wa sojojin sama tuƙi, a gyara su, a sake musu fenti, kuma ana neman masu feshi a Kaduna. Wanda ya tsaya har ƙarshe za a riƙe shi a kwangila ta gaba. Na yi murna ƙwarai. Ya tafi da tsakiyar damina, ya bar gona a hannun ƙanensa.

Da farko bakinsa ba ya rufuwa a waya. Ya ce sai an kankare tsohon fenti tas, injiniyoyi su bi jikin jirgin da fitila suna neman tsaga ko tsatsa, sannan a ba su izinin feshi. Ba a cike lotsawa da fila kamar mota, ba a lafta fenti da kauri, don wai har nauyinsa ana lissafawa. Ɗawisu kuwa ko a mafarki. Ina dariya na ce ai sun huta da tsuntsu, tunda abin da kansa tashi yake.

Da aka zo raba aiki ne muryarsa ta canja. Samari aka ba fukafukai da jela, inda tambarin kore da fari yake. Shi aka tura shi ƙarƙashi, wurin da ya sa wa suna tumbin jirgi. Nan baƙin mai yake taruwa, nan ƙura take mannewa. Yana kwance rigingine a kan katako mai taya, ya goge, ya wanke, ya fesa, wuya na ciwo.

"Da furfurata a ce ni ne a ƙarƙashi?" in ji shi. "Manya in sun zo duba aiki, ba mai sunkuyawa. Ranar Juma'a ina hanya."

"To Malam, Allah ya kawo ka lafiya," na ce, na kashe waya.

Raina ya ɓaci sosai, amma na san halin kayana. In ka yi masa gardama, ranar Alhamis ma zai dawo. Kuma in ya dawo, kamfanin ba zai sake kiransa ba, sai zaman gareji da kallon titi.

Ana gobe Juma'a muna tsakar gida da maƙwabta muna ɓare sabuwar masara, sai muka ji ƙara daga kudu. Irin jiragen nan sukan ratsa ta kanmu lokaci-lokaci, ba mu cika kulawa ba. Wannan ya yi ƙasa-ƙasa, duk muka ɗaga kai. Wata dattijuwa da ke gefena, wadda muke kira Iya, ta kare ido da tafin hannu.

"Ashe haka ƙasansa yake da kyau, sumul kamar sabuwar tasa. Ke, ko na mijinki ne?"

Ban sani ba ko nasa ne, har yau ban sani ba. Na dai karkaɗe hannu na kira shi, ƙarar ba ta gama ɓacewa ba.

"Malam, kana ji? Naku ne ya wuce."

"Kun ga tambarin jelar?"

"Wace jela? Mu nan ba jela muke gani ba, ba tambari. Tun daga Tsiga har Malumfashi, duk wanda ya ɗaga kai tumbin kawai yake gani. Iya ma cewa ta yi kamar sabuwar tasa."

 Ina jin ƙarar injin iska a bayansa.

"Ba zubi a jiki?" ya tambaya a hankali. "Fentin bai yi hawaye ba?"

Daga wannan nisan wa zai ga zubi? Na ce ko ɗaya.

"To bari in koma, akwai wani jirgin yana jirana," ya ce. "Ki gaya wa ƙanena ya nemi masu karyar masara, kada ya jira ni."