Farar Kaza a Wuyan Kare

Har gobe idan na lumshe ido da la'asar, ruwan nan nake gani a shimfiɗe har inda ido ya gaji, ga jirgin Yaya yana tahowa daga wajen Ngaski a hankali, kamar ba tuƙa shi ake yi ba. A goshin jirgin jan kare ne zaune, kunne ɗaya a yage, yana kallon Yelwa sai ka ce gadon ubansa ce.

Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ina shekara ta shida ko ta bakwai da aure. Yaya shi kaɗai ya rage mini a dangi. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, an haife mu a wani gungu, wato tsibiri, da yanzu kifi ke kwana a ɗakunansa, tun da aka tare ruwa a Kainji. Ni na musulunta na auri mai sayar da bandar kifi, shi kuwa ya bi noma da farauta, ya riƙe abin da ya tarar iyayenmu na yi. Sau ɗaya yake zuwa a shekara, bayan kaka, da shinkafa da albasa. Kwana uku yake yi, kuma su nake lasa har shekara ta zagayo, domin da shi kaɗai nake yin yarenmu.

Malam, maigidana, mutum ne mai sanyi, amma yana da doka guda da ba ta lanƙwasuwa: kare ba ya tsallake zaure. Yaya bai taɓa yi masa musu ba. Ya kan ɗaure karensa a gindin tsamiyar ƙofar gida, ya shimfiɗa tabarma a bakin zaure inda za su riƙa ganin juna. Malam ya ce masa, "Yaya, ga ɗaki an share maka." Shi kuma ya yi dariya ya ce, "Bar ni nan, Malam. Ba a barin abokin tafiya a waje."

Ni kuma ina da kaji a bayan ɗaki, wajen goma sha. A cikinsu akwai wata fara tas, mai tafiyar ƙasaita, jikar jikar kazar da Inna ta rungumo a zane ranar da aka tashe mu daga gungu. Inna ba ta bar mini tasa ko munduwa ba, wannan iri ta bar mini. Da hantsi na kan zauna ina watsa musu tsaki, farar tana ci a tafin hannuna, ni kuma hankalina ya tafi can ƙarƙashin ruwa, ina share tsakar gidanmu, ina jin sakwarar Inna a turmi. Sau nawa tuwo ya kama a tukunya saboda wannan zama, Allah kaɗai ya sani.

To, a zuwan da nake ba da labari, washegarin saukarsa Yaya da Malam suka tafi kasuwa. Ina tankaɗe sai na ji bayan ɗaki ya kaure. Kafin in zagaya an gama. Karen ya tsinke igiya, ya ratsa zauren da bai taɓa ratsawa ba, ga shi tsaye da farar kazata a baki, gashinta na tashi sama sannu-sannu kamar audugar rimi. Wallahi na daɗe ina kallon gashin nan kafin in tuna da ihu.

Da Yaya ya dawo, ban bari ya aje kayansa ba. Ni dama bakina ba shi da linzami. Na ce, "Ka ga aikin ɗan lelenka? Abin da Inna ta bar mini ke nan, ka kawo masifa har gida ta cinye! In ba ka iya zuwa sai da wannan la'ananne, to ka yi zamanka!"

Yaya ya sunkuya. Ya ɗauki kazar, ya samo igiya, ya ɗaure ta tam a wuyan karen. Haka mutanenmu ke yi: karen da ya kashe kaza, a rataya masa ita, ya yi ta yawo da ita har ta ruɓe ta faɗi da kanta, wai daga nan ko tsiya ake ba ya ƙara kallon kaza. Yaya hukunci yake yi domin in huce. Ni kuwa da na ga kan kazata yana jan ƙasa, sai na ji kamar zanen Inna ake ja a turɓaya. Na shige ɗaki na jawo ƙyaure.

Malam ya iso ya tarar da kare da mushe a wuya, daidai inda yake jam'i da maƙwabta. Ina ji daga ciki ya ce, "Yaya, ka yi mini haƙuri. Nan muke salla. Ko dai a cire, ko a matsa da shi."

"Ba a cirewa, Malam, sai ta faɗi."

"To a matsa da shi."

Yaya ya naɗe tabarmarsa ya gangara bakin ruwa, can ya ƙarasa kwanakinsa cikin jirgi. Tafiyar ba ta kai a tafasa ruwa ba, amma ban je ba. Na dafa tuwon shinkafa da miyar kifi, na rufe, na zauna ina harararsa har ya huce. Kaico, zuciya mugun nama! Ran na uku da sassafe na kasa daurewa, na yafa gyale na sauka. Jirgin ya riga ya yi nisa. Hazon ruwa ya haɗiye Yaya, abin da nake hange kawai ɗan farin ɗigo ne a gaba, yana lilo. Na kira shi da yarenmu, masunta suka juyo suna kallona.

Shekarar nan ban ji daɗinta ba. Ba wasiƙa, ba saƙo, ban ma san ko zai ƙara zuwa ba. Duk jirgin da ya ɓullo ta kudu sai in bi shi da ido. Na bi Malam da magiya, yau da lallashi, gobe da kumburi, har ranar da ya gaji ya ce, "Ke kam ba ki da dama. To, zaure dai ba zai shiga ba. Amma zan kafa masa rumfa a bayan katanga, in sayo sarƙa." Ya kuwa cika alkawari. Ni na ɗaga akurki, na yi masa ƙofar kwano.

Kaka ta yi, aka share gonaki. Wata la'asar wata maƙwabciya da ta dawo daga wanki ta leƙo ta ce ga jirgin ɗan'uwana can. Ko takalmi ban tsaya nema ba. Ina gudu ina shirya maganar a baki: Malam ya yarda, an yi rumfa, komai ya wuce.

Yaya ya ja jirgin kan yashi, ya rame, ya fara sauke albasa. Na leƙa gaba, na leƙa baya.

Na ce, "Yaya, ina abokin tafiyar?"

Ya ci gaba da saukewa, bai dube ni ba. Ya ce, "Kaza ta faɗi, amma bai daina ba. Ya ƙara kama wata a ƙauye. Na san in na zo da shi zai ƙara sa ki kuka."

"To wa ka bar wa shi?"

"Ban bar wa kowa ba. Da hannuna na gama da shi." Ya ɗago ya share hannu a riga. "Kare ana samun wani, Auta. Ke fa?"

Na zauna daɓas a kan yashi mai laima, na yi kukan da ban yi wa kazar ba.