Ƙahonin Sallaou Wanzami

Mahaifina Sallaou wanzami ne ɗan wanzami, daga wajen Tasawa. Ya zo Sabha, nan ƙasar Larabawa, a shekarun da arzikin fetur ya sa benaye ke tashi ko'ina, amma bai taɓa ɗaukar bulo ba. A inuwar wani gareji a unguwar Jadid, inda 'yan ƙwadago ke jiran motar aiki, ya shimfiɗa tabarmarsa da aska da ƙahonin shanu guda shida. Yana aski, yana yi wa masu ciwon baya ƙaho: ya tsaga fata, ya zuƙe abin da yake kira mataccen jini. Kowa na yabon hannunsa.

Bayan shekara biyu ƙanensa Younoussa ya biyo shi. Dogo ne siriri, farin idonsa ya yi ruwan ƙwai. Tun yana ƙarami ƙasusuwansa kan sara masa lokaci-lokaci, a gida ana cewa amosani ne. Ya sami aikin hawa da siminti bene na huɗu.

Wata Alhamis cikin tsananin zafi abokan aikinsa suka kawo shi gidanmu a unguwar Manshiya, yana murƙususu.

"Wanzam, ga ɗan gatanka," in ji Chékaraou, babban cikinsu. "Buhu uku ya ɗauka ya ce wayyo ƙafa. Ko tsohuwata ta fi shi ƙwari."

"Kai da ka suma ranar da na cire maka haƙori?" Baba ya ce. Aka yi dariya.

Younoussa ya riƙo rigarsa. "Yaya, a kai ni likita."

"Da wace takarda? So kake shurɗa, 'yan sandan nan, su loda ka a mota sai iyaka? Kwanta. Jini ne ya daskare, yanzu zan fitar da shi."

Ya kafa masa ƙaho huɗu a baya, biyu a cinya. Ya hana a ba shi ruwa da yawa, wai kada sauran jinin ya tsinke. Da ciwon bai lafa ba, washegari bayan sallar Juma'a ya ƙara masa wasu shida. Leɓunan Younoussa suka yi fari fat. Ranar Asabar da hantsi ya cika.

Sai da na shiga jami'a na san abin da ya faru a gidanmu. An koya mana cewa furotin, sinadarin da ke gina jiki, iri biyu ne. Wani dogo ne kamar zare, mai tauri, ba ya narkewa a ruwa. Shi ne gashi da farce da ƙaho. Wani dunƙulalle ne, yana narkewa yana yawo. Irinsa ne ke ɗaukar iska a cikin jini. Ga mai sikila irin Younoussa, idan ƙishi da wahala suka haɗu, dunƙulallen sai ya manne da 'yan uwansa ya zama zare, ƙwayar jini ta lanƙwashe ta toshe hanya. Irin wannan mutum dama jininsa kaɗan ne. Ruwa yake bukata, wani lokaci har da ƙarin jini.

Ashe Baba bai yi kuskure gaba ɗaya ba, jinin ya daskare ɗin. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Yanzu ya tsufa, ya bar aski. Ran nan ina zuba masa shayi ya tambaye ni, "Ke da kika yi karatun jini, gaya mini gaskiya. Da na ƙara masa ƙaho tun daren farko, ai da ya tashi, ko?"

Ya zuba mini ido yana jira. Shekara goma sha huɗu ke nan yana zargin kansa da ƙarancin abin da ya zuƙe.

Na ce, "Kwanansa ne ya ƙare, Baba."

Ya girgiza kai. "Shida sun yi kaɗan," ya ce.