Ƙarar da Na Kai a Mansura

Ni ba mai yawo ba ce. Shekara biyu na yi a Doha, amma in ka cire kantin Ba'indiyen da ke ƙasan benenmu, ba na jin zan iya raka baƙo ko'ina. Ɗakina ya ishe ni. To, ɗaki dai muke ce masa. Asalinsa falo ne a hawa na uku a unguwar Mansura, mai gidan ya sa aka yanka shi huɗu da katako, kowa aka ba shi ƙofa da kwaɗo. Kicin ɗaya, banɗaki ɗaya. In maƙwabciyata ta yi tari, daga kan gadona nake yi mata sannu, kuma ta amsa.

Maƙwabciyar nan nas ce, Kirista 'yar Jos. Sista nake ce mata, ita kuma ta ce mini Yaya. Maigidana gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi a Lusail, tun asuba motar kamfani take ɗaukarsa, saboda haka rabin hirata da ita nake yi. In na tuƙa tuwo sai na ƙwanƙwasa katakon sau biyu, ta fito da kwanonta.

Sai ruwa ya fara ɗiga a ɗakinta daga hawan sama, dab da wayar wuta. Wata uku tana kiran dillalin gidan, kullum gobe in sha Allah. Bango ya yi baƙi, tarinta ya ƙaru, ni kuma ina ji.

A garinmu in mai gida ya ƙi gyara, wurin mai unguwa ake zuwa. Ya kira ku duka, a shimfiɗa tabarma, ya ce wane ka ji tsoron Allah ka gyara musu, a yi addu'a a tashi. Ba a korar kowa. Abin da na sani ke nan. Na tambayi mai kanti ina ake kai kukan gida a nan, ya kwatanta mini wani ofishin hukuma. Ban gaya wa maigida ba, ban gaya wa Sista ba, so nake ta dawo daga aiki ta tarar an gyara. Na ɗaura atamfata mai kyau na tafi.

Matar da ke kan teburin ta karɓe ni da fara'a. Na nuna mata hoton bangon a wayata. Da guntun Turancina da nata muka fahimci juna. Ta ce ɗaki nawa ne? Mutum nawa? Wallahi daɗi na ji, na ce yau ga wadda ta tambayi mutanen gida. Na lissafa mata su ɗaya bayan ɗaya kamar mai amsa gaisuwa, har da direbobi biyun da suke kwana a baranda.

Da ma'aikatan hukumar suka zo, maza uku, na kawo musu ruwa da cincin a faranti. Ba wanda ya taɓa. Ina nuna musu inda ruwa yake ɗiga, su kuma katakon suke ƙwanƙwasawa da bayan yatsa suna ɗaukar hoto. Babbansu ya ce, "Kalas," wato shi ke nan. Suka manna takarda a ƙofa. Sai da maigida ya dawo ya karanta mini: gidan ya saɓa doka, kowa ya fita cikin mako guda, daga nan a yanke wuta.

Na koma ofishin na ce to ina za mu kwana? Matar nan mai fara'a ta ce su duba gida ne aikinsu, maganar wurin kwana ta kafil ce, wato wanda ya ɗauki nauyin zamanmu a ƙasar. Kafil ɗinmu kamfanin maigida ne. Su kuma suka ce suna da gado a sansanin ma'aikata, na maza zalla, wanda ya kawo matarsa shi ya san inda zai ajiye ta. Kowa da ladabi ya yi mini magana. Ba wanda ya ɗaga mini murya, kuma ba wanda ya ba ni ko tabarma.

Sista tana ɗaure kayanta ta kira ni.

"Yaya, mai kanti ya ce ke ce."

"Don ke na je, Sista. Tarin nan naki."

"Na aike ki?" Ba ta ko ɗago ba. "Bokiti nake tarawa, in zubar, in yi barcina a ɗakina ni kaɗai. Yanzu mu huɗu za mu kwana a ɗakin da asibiti ya ba mu. Ke kin ɗauka nan akwai mai unguwa?"

Na ce eh. Ta yi wata irin dariya, ta ci gaba da naɗe zannuwanta.

Ni kuwa wata Hajiya 'yar Zangon Gana da ke kitso a unguwar Bin Mahmud ce ta ba ni wuri a ɗakin ajiyarta, tsakanin kwalaye, wai kafin a samu. Wannan "kafin a samu" wata biyar ya yi. Ranar Juma'a maigida yakan zo daga sansani mu zauna a benci bakin titi kamar masu zance, mutumin da na haifa wa 'ya'ya uku. Shi ya gaya mini mai gidan ya cire katako, ya gyara ɗigar a kwana biyu, ya yi fenti, wasu sun shiga. Ashe dama ana iya gyarawa.

Da lokacin sabunta takardar zamana ya zo, aka ce sai an kawo shaidar gidan haya da sunan maigida. Gida sukutum kuwa ya fi ƙarfinmu, shi ya sa tun farko muke bayan katako.

Bai taɓa zagina a kan maganar ba, da ma ya zage ni na huta. A bencin nan ya ce, "Ki koma gida wurin yara. In na samu wuri zan aiko."

Na ce, "Yaushe?"

Ya ce, "Da dai kin tambaye ni kafin ki je."

Tukwanena na bar wa Hajiya, ba su shiga akwati ba. Yau shekara uku ke nan da dawowata gida, yana can a gadon sama a sansani, bai aiko ba tukuna.